Yara Nawa Gare Ka?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Wannan takarda ta fito daga Haɗeja, daga gidanmu na bakin kogi, zuwa ga yayan Talatu a masaukinsa na Kano. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gaida mai ɗakinka da yara. Ina gaida amaryata Ummi, a ce mata tsohon angonta yana nan da rai, ko da yake ta tafi ta bar shi da tuwon maƙwabta. Allah ya tsare ku a garin mutane, ya kare ku daga ciwo da ɓacin rana, amin.

Bayan haka, ba labarin gida zan ba ka ba, gida yana nan yadda ka bar shi. Malam Garba, mai rubuta wa mutane wasiƙa a bakin gidan waya, shi ke riƙe da alƙalami, ni kuma ina faɗa. Na roƙe shi ya yi baƙaƙen manya-manya. Tun da ka yi ajin yaƙi da jahilci, ina so ka karanta da kanka, kada bakin wani ya shiga tsakaninmu.

Jiya Audu mai fito ya sauka daga jirgin ƙasa a Malam Madori, ko gidansa bai shiga ba ya biyo ta wurina. Ya ce ya same ku a masauki, mako uku ke nan kuna zirga-zirga a kan fasfo da bizar shiga Sudan. An ɗauke ku hoto, an ce bai fita ba, an sake. An yi wa yara lamba, an ce takardar likita sai ta ƙara kwanaki. Ya ce ranar Litinin mai zuwa aka sa maka ka koma a rubuta iyali. Duk wannan bai tayar mini da hankali ba, na san halin ofis. Abin da ya hana ni cin tuwo shi ne, Audu ya ce ya tambaye ka, "Ku nawa za a rubuta?" ka ce masa, "Ni da mai ɗakina da yara biyu." Ya ce ka faɗi haka Ummi tana zaune a gefen tabarma tana ɓare gyaɗa. Dariya yake yi da yake ba ni labarin, har yana cewa, "Malam Sale, mutumin naka akwai kunya." Ni kuwa ban taya shi dariyar ba.

Yara uku gare ka. Na san abin da ya sa ka ce biyu. Ummi 'yar fari ce, ga ta kuma da sunan mahaifiyarka, mu kuwa ba mu ƙirga ɗan fari a gaban mutane, ba mu kama sunansa. A wurina ka koya, ba zan zarge ka ba. Amma dole in gaya maka abin da na ɓoye maka shekara goma sha tara. Wannan amsar da ka ba Audu, ita ce ta raba ka da mahaifiyarka kana ɗan shekara tara, kuma daga bakina ta fito. Yanzu ga ka za ka wurinta da iyalinka, tana can Madani ta ƙasar Sudan tana jira, idonta yana ƙarewa. In ka maimaita amsar nan ranar Litinin, ba za ka kai mata Ummi ba, wataƙila kai ma ba za ka kai ba.

Bari in faro daga farko. Shekarar da muka yi niyyar hajji ruwa ya yi kyau, shinkafar fadama ta cika rumbu, kifi kuma har muka rasa wurin banda. Mu shida ne: ni, da mahaifiyarka, da kai, da Talatu, da Musa yana goye, sai Kawunka Bukar, wan mahaifiyarka. A zamanin kakanninmu mutum jakinsa yake ɗaura wa kaya ya fuskanci gabas, ba mai ce masa ina za ka. A namu zamanin Turawa suka ce sai da takarda. Na je ofishin da ake yanka ta, Baffa mahaifina ya raka ni don ya tsaya mini shaida. Kwana goma sha ɗaya muka yi muna zama a gindin bishiyar ƙofar ofis. Yau a ce Bature ya fita rangadi, gobe a ce takardun sun ƙare, jibi a ce akawu yana zazzaɓi. Ranar da aka kira sunana, ba abin da nake so illa in fito daga ɗakin nan.

Akawun mutumin Kudu ne, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba, akwai tafinta a gefensa. Ya tambayi sunana, da garinmu, da sana'ata. Sannan ya ce, "Yara nawa gare ka?" Baffa yana tsaye a damata. Ka sani tun da aka yaye ka a ɗakinsa ka tashi, shi kake ce wa Baba, ni kuwa Yaya kake ce mini har yau. Yaya zan buɗe baki a gaban ubana in ce wannan ɗana ne? Na sunkuyar da kai na ce, "Biyu, Talatu da Musa." A raina na ɗauka Baffa zai karɓe ya ce, "Da nawa guda, a sa shi." Ashe kunnensa ya yi nauyi fiye da yadda muka sani, idonsa kuma yana kan injin da akawu yake bugawa da yatsu, abin ya ɗauke masa hankali. Akawu ya buga abin da ya ji. Aka shafa mini tawada na dangwala yatsa, na naɗe takardar na fito ina murmushi, ban ce a karanta mini ba.

To, ka ji na farko. Akawu ba surukinka ba ne, ba kuma ɗan garinku ba ne da zai gane abin da ka bari a ciki. Abin da bakinka ya furta shi zai hau takarda, wanda ba a furta ba kuwa babu shi a wurinsu, ko yana tsaye a gabansu yana numfashi. In an gama rubutu kada ka dangwala yatsa sai ka karanta da idonka. In da Turanci ne, ka sa tafinta ya maimaita sunayen ɗaya bayan ɗaya, kai kuma kana lanƙwasa yatsu. Ko na bayanka suna tsaki, ka bar su su yi ta yi, ba su za su tsaya a iyaka da yaranka ba.

Muka kama hanya. Jirgi ya kai mu Nguru, mota ta kai mu Yerwa, daga Fallomi ta ƙasar Cadi kuwa yawanci ƙafa ce da jaki. Ba sai na tuna maka ba, kai ne mai jan jakin, har ka sa masa suna. A ƙasar da Faransawa ke mulki ba wanda ya ƙirga mu, hatimi kawai ake bugawa a ce mu wuce, har na manta akwai wata tambaya da aka taɓa yi mini. Sai da muka wuce Adare muka isa bakin ƙasar Sudan. A can akwai rumfa da tebur, da wani Bature da tafintarsa, ana shiga iyali bayan iyali. A lokacin sun tsananta a kan yara, don akwai marasa tsoron Allah da suke ɗaukar 'ya'yan mutane su kai gabas su sayar. Ban ga laifin Baturen ba a yau, ko da yake na daɗe ina tsine masa.

Ya dubi takarda, ya dube mu, ya sa bakin alƙalami ya ƙirga kawuna. Tafinta ya ce, "Takarda ta ce yara biyu. Wannan na ukun fa? Ɗanka ne?"

Kawunka Bukar yana gefena, dattawan ayarinmu suna bayana. Na ce, "Ɗan gidanmu ne."

Ya ce, "Ba gida aka tambaye ka ba, malam. Kai ka haife shi?"

Na yi shiru. Ba wani dogon shiru ba ne, bai fi a haɗiye yawu ba, amma Baturen yana kallon fuskata. Aka juya wurin mahaifiyarka aka tambaye ta, ta ja mayafi ta rufe fuska, yadda kowace 'yar mutunci a garinmu za ta yi. Sai tafinta ya durƙusa a gabanka ya ce, "Yaro, ina babanka?" Ka ce, "Babana yana Haɗeja."

Nan Kawunka ya daka tsawa ya ce, "Wallahi ɗansa ne! Ɗan ƙanwata ne!" Ni ma sai a sannan bakina ya buɗe, na ce nawa ne, na rantse, na sake rantsewa. Bature ya riga ya rufe littafi. Ya ce ba zai kama ni ba, don ya ga kamannin, amma yaro ba zai ƙetare ba sai an koma inda aka yanka takardar an kawo sunansa a rubuce.

Na biyu ke nan, kuma ya fi na farko muni, don a nan Allah ya ba ni dama in gyara na ƙi. Kunya abu ne mai kyau, ba zan ce maka ka zubar da ita ba. Ka yi ta a zaure, ka yi ta a gaban surukai, ka yi ta a wurin suna da biki. Amma duk inda ka ga tebur da hatimi, ka ajiye ta a ƙofa tare da takalminka. In an nuna Ummi an ce 'yarka ce, kada ka bari a rufe baki ka ce ƙwarai. Ka gaya wa mai ɗakinka ita ma, tun yanzu, ku yi ta maimaitawa a ɗaki har bakinta ya saba. Ummi kuma tun da ni take ce wa Baba, a zaunar da ita a koya mata: in baƙo ya tambayi ubanta, kai za ta nuna da hannu.

Muka fito daga rumfar muka zauna a gindin wata aduwa a bakin busasshen rafi. Mahaifiyarka ba mai yawan magana ba ce, amma ranar ta yi. Ta ce, "Malam, mu koma gaba ɗaya. Tare muka fito, mu koma tare. In Allah ya kira mu wata shekara ma zo." Na ce a'a. Na kawo mata dalilai: takardar tana da wa'adi, mun ci wata da watanni a hanya, Musa ba zai jure komawa ba. Duk gaskiya ne, amma ba su ne dalilin ba. Dalilin shi ne rabin unguwa sun raka mu tasha, an yi addu'a, an yi kuka, tun ban tafi ba masunta suna tsokanata da Alhaji. Na kasa tunanin in shigo Haɗeja da iyalina duka, a ce ga su Sale an koro su. Na ce, "Ku wuce da Bukar, ku zauna a Madani ku yi aikin auduga. Wata huɗu na iso da shi."

Sai ta kwance bakin zanenta ta ba ka sauran dabinon da ta ɓoye, ta gyara maka hula, ta ce, "Ka bi Yayanka, ban da ƙiriniya." Ko a nan ba ta kama sunanka ba, ba ta kuma rungume ka ba, mutane suna kallo. Ba ka yi kuka ba sai da jakin ya haye rafin ya shige bayan tudu.

Saboda haka ka ji da kyau. In takarda ta hana mutum ɗaya a cikinku, ta hana ku duka. Kada ka yarda wani ya ce maka ka wuce gaba a turo maka sauran, ko ka turo su gida ka bi su da takarda daga baya. Wata huɗu na ce, ga shi Talatu ta yi aure a can ban ga mijinta ba, Musa ya zama magidanci bai san fuskata ba, Bukar ya rasu ban tsaya a kan kabarinsa ba. In abin ya ƙi, ku juyo gaba ɗaya. Ni zan sa a ɗora ni a kan jaki in tarye ku a tasha, duk mai dariya ya fara da ni.

Abin da ya biyo baya ka ga wani, wani ba ka gani ba. Na koma ofis aka ce sai na kawo tsohuwar takarda a soke ta, ita kuwa tana hannun mahaifiyarka. Na yi bayani, aka ce in dawo. Na dawo, aka ce an aika a tambayo. Ranar zuwana na bakwai zuciya ta ɗebe ni, na buga tebur, na gaya wa akawu maganar da ba zan sa Malam Garba ya rubuta ba. Masinja ya fitar da ni. Daga ranar duk zuwan da na yi sai a ce ba a ga takarduna ba. Audu ya ce kai ma ka fara ɗaga murya. Na san zafin, mutum da gemunsa a mai da shi kamar ɗan aike. Amma wanda yake bayan tebur ba ya rasa komai in ka yi fushi, kai ne kake jiran biza. Ka yi sallama, ka gaishe shi, ka tambayi ranar dawowa, ka dawo da sassafe.

Ana cikin haka damina ta sauka, kogi ya cika ya malala fadama. Na ce bari in yi shinkafa ɗaya, in an yanke sai mu tafi. Aka yanke, Baffa ya kwanta ciwo, bai tashi ba. A shekara ta biyu takardar ta fito, da sunanka a ciki. Maimakon in kama hanya a makon, sai na ce bari in je Auyo in yi sallama da dangi, in kuma nuna musu, don a san ba ƙarya nake ba. Na sa ta cikin hula na hau gora zan haye ruwa, abin da na yi sau dubu. Iska ta ɗauke hular. Na kamo ta, amma tawada ta riga ta narke, hatimin ya zama kamar an shafa shuni. Kafin a sake yanka wata, yaƙin nan na Turawa ya taso, hanya ta rufe. Da aka buɗe ta gwiwoyina sun fara ciwo, haka nake gaya wa mutane. Gaskiyar ita ce kowace shekara ta ƙara mini nauyin haɗa ido da mahaifiyarka.

Don haka ranar da biza ta fito, a makon za ku tashi. Kada ka dawo yi mini sallama, na yafe, wannan takardar ita ce sallamarmu. Ka sayi gwangwani mai murfi ka sa takardun, ka kai wa baduku ya ɗinke shi da fata, ka rataya a wuya ta cikin riga. Kada ka nuna wa kowa sai wanda aikinsa ne ya gani. Audu ya kuma ce akwai wani a masaukinku da yake cewa zai bi da ku ta daji ba tare da takarda ba. Kada ka saurare shi. Kai kaɗai da ƙafarka wataƙila ka kai, amma da mace da yara uku, in aka kama ku a tsakiyar ƙasar mutane, ba ni da ƙarfin zuwa nemanku.

Saura guda, shi ne wanda ya fi ci mini rai. Wata rana bayan dawowarmu muna gyaran komar kamun kifi a ƙofar gida, ka ce mini, "Yaya, me ya sa aka dawo da ni?" Na ce, "Turawa ne, haka suke." Can ka ce, "Don na ce Babana yana Haɗeja ne?" Sai kawai na ce ka miƙo mini zare. Na ga fuskarka. Na san tun daga ranar ka ɗauka kai ka raba gidanmu da bakinka, na kuma bar ka da wannan kayan har ka girma, don ya fi mini sauƙi a kan in ce ni ne. Ba kai ba ne. Gaskiya ka faɗa, yadda muka koya maka. Yaro ɗan shekara tara ya amsa tambayarsa daidai, ubansa ne ya kasa amsa tasa har sau biyu. Ka yafe mini don Allah. In wata rana ka yi wa yaranka kuskure, ka gaya musu tun suna ƙanana, kada ka jira sai ka tsufa a rubuta maka.

Saƙon da alhazan bara suka kawo, ka ji shi, amma zan maimaita don kada gajiyar Kano ta sa ka manta abin da ya fitar da kai. Cewa ta yi, "A gaya wa yaron nan idona ya fara yana. In zai zo, ya zo tun ina rarrabe fuska, ya kuma zo mini da takwarata." In Allah ya sada ku, ka gaishe ta. Ka ce mata maganar da ta yi a gindin aduwa ita ce daidai, na sani tun kafin jakin ya haye rafi. Ka ce ban nemi komai ba sai gafara.

Ranar Litinin za a ce maka, yara nawa gare ka. Ka ɗaga kai ka ce uku. Ka fara da Ummi, ka faɗi sunanta na yanka, wanda liman ya raɗa mata, da ƙarfi yadda akawu ba zai ce ka maimaita ba. Na san nauyin abin da nake ɗora maka, sunan 'yar fari ne kuma sunan uwa. Shi ya sa ba zan sa ka abin da ni ban yi ba.

Malam Garba ya ce in yana yi mini wuya in bari, shi ya san sunan, zai rubuta a bayan ambulan. Na ce a'a, sai ya ji daga bakina. Akwai mutane a nan bakin gidan waya suna jiran a yi musu tasu wasiƙar, har da waɗanda muka tashi tare. Na ce masa ya ajiye alƙalami ya tambaye ni yadda akawun nan ya tambaye ni, sannan ya rubuta abin da ya ji.

Ya ce, "Malam Sale, yara nawa gare ka?"

Na ce, "Uku. Idrisu, da Talatu, da Musa. Idrisu ne babba. Ni na haife shi."

Idrisu, Allah ya buɗe maka ƙofar ofis, ya sassauta zuciyar duk wanda takardarka za ta bi ta hannunsa. Allah ya tsare ku a jirgi da mota, a tudu da rafi, ya raba ku da ciwon hanya da mugun abokin tafiya. Allah ya ƙetarar da ku iyaka ku biyar cif, ya kai ku gaban mahaifiyarka tun tana gani. In ya nufa ku wuce har ɗakinsa, ka sa ni a addu'a. In mun sake ganawa, alhamdu lillahi. In ba mu gana ba, na yafe maka duniya da lahira.

Wassalam. Ni ne ubanka,
Sale.